Kambu a kai, kuka a gida: amsa ga matar auren da ta ci gasa

Tambaya

Anti, assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Kaduna, shekarata 33, 'ya'yana uku. Wata bakwai ke nan da na ci wata gasar matan aure, irin wadda ake shiga da kayan gargajiya, a amsa tambayoyi, kowace ta faɗi aikin taimakon da za ta yi in ta ci. Da yardar maigidana na shiga, shi ya ma biya kuɗin fom. Na zaɓi mata masu yoyon fitsari, domin 'yar gwaggona ta sha fama da shi har aurenta ya mutu.

Tun da aka ɗora min kambun nan ban huta ba. Yau buɗe shago, gobe taron makaranta, jibi gidan marayu, ga ziyarar asibiti. Kowace fita sai sabon ɗinki da kuɗin mai kwalliya, har na cinye kwasar adashina, na fara taɓa kuɗin cefane bai sani ba. Ranar da aka yi wa babbar 'yata walimar izu goma a Islamiyya ina wurin taro. Maigida ya rage magana, in ya yi sai ya ce, "Ai ke yanzu ta mutane ce." Abokansa na kiransa mijin sarauniya. Hajiyarsa ta ce a cire hotunana daga intanet. Masu gasa kuma suna son hotona da shi da yara, ya ƙi. A da ina saƙa, ina da ɗan lambu a bayan gida, zogale da yakuwa da tattasai. Duk sun bushe, kwarashina ma ban san inda yake ba. Ina son matan asibitin nan har raina. Saura wata biyar. In ajiye kambun ne, ko in daure?

Ƙanwarki a Kaduna

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta wasiƙarki, na ajiye, na sake ɗauka. Kin lissafa buɗe shago da taron makaranta da gidan marayu da asibiti, amma da kika zo faɗin abin da kike so har ranki, matan asibiti kaɗai kika ambata. Ko sau ɗaya ba ki ce kina son kambun ba. Don haka amsata ita ce kada ki ajiye shi yanzu, kuma kada ki daure a kan yadda abin yake tafiya. Ki rage shi har ya dawo daidai abin da gidanki zai iya ɗauka. Ki riƙe matan asibiti da hannu biyu, sauran ki sake su.

Na san cikin masu karatu akwai waɗanda tuni suka ce me ya kai matar aure gasa tun farko. Ba zan ɓoye miki ba, malamai da yawa ba su yarda da irin wannan gasa ba ko da da hijabi aka yi ta. Lokacin da Shatu Garko, 'yar Kano, ta ci gasar Miss Nigeria a Disambar 2021 da hijabinta, hukumar Hisba ta Kano ta fito ta soki abin a fili. Da kin tambaye ni kafin ki cike fom, da na ce miki aikin da kike son yi ba sai da gasa ba, ƙofar asibiti a buɗe take ga kowace mai niyya. Amma an riga an shiga, da sanin mijinki da kuɗinsa. Hukuncin addini ki kai shi ga malamin da kuka amince da shi, ku je tare. Ni abin da ke gabana shi ne gidanki da wata biyar ɗin nan.

Zan fara da kuɗin cefane, domin cikin duk abin da kika rubuto shi ya fi tayar min da hankali. Wutar ƙaiƙayi ce, tana ci ta ƙasa. Mijinki ya ba ki kuɗin nan a kan amana don cikin 'ya'yanku, kina mai da su leshi da hoda. Kina zaton bai sani ba, amma namijin da ya shekara fiye da goma yana cin girkinki ya san ranar da nama ya ragu a miya. Ba mamaki wani kaso na shirun da yake yi daga nan ya fito, yana jiran ya ga ko za ki faɗa da bakinki. Ki zauna da biro da takarda ki rubuta abin da kika ɗiba, ki tara jimla, komai nauyinta. Ki kai masa kafin ya tambaya. Ranar da ya gano da kansa, zancen ba zai tsaya a kuɗi ba, zai koma yana tambayar kansa me kuma aka ɓoye masa. Ki faɗi yadda za ki mayar, ko da kaɗan-kaɗan ne duk wata, kuma daga yau ko sisi na cefane kada ya sake shiga hannun tela.

Ki sani ba ke kaɗai wannan ya sama ba. Ko a Amurka, inda gasar matan aure ta Mrs. America ta samo asali tun 1938, galibi mai riƙe da kambu ita ke sayen kayanta ta biya kuɗin tafiye-tafiyenta. Kambu ba albashi ba ne, kuma yana da ci. Mai shagon da ya gayyace ki buɗe shagonsa talla yake nema, yana son fuskarki ta jawo masa masu saye. Wannan ciniki ne, ba shi da haɗi da taimakon al'umma. Ko dai ya biya kuɗin mota da na lokacinki, mijinki ya sani ya yarda, ko ki ba shi haƙuri. Ni zan fi so ki ba shi haƙurin. Kaya kuwa ki ware kala uku cikin waɗanda kika riga kika ɗinka, ki riƙa juya su, ki sauya ɗankwali da gyale. Wanda zai ƙirga miki sau nawa kika maimaita atamfa ba shi zai biya miki adashi ba. Kwalliya ki yi abarki, kin iya ta tun kafin a san da wata gasa.

Sai takardar da kika sa wa hannu. Na lura mata da yawa suna sa hannu a daren murna, ba su sake buɗe ta. Ki ɗauko ta ki karanta layi-layi, in akwai lauya a dangi ko cikin ƙawaye ki nuna masa. Abin da za ki nema shi ne fita nawa aka wajabta miki, wa ke biyan kuɗin fitar, kuma me zai biyo baya in kika ajiye kambun kafin wa'adi, musamman ko za a ce ki mayar da kyautar da aka ba ki. Na fi zaton za ki tarar yawancin gayyatar da ke hana ki zama ba ta cikin takardar, kunya ce kawai ta hana ki cewa a'a. Kyan alkawari cikawa, abin da kika ɗauka a rubuce ki cika shi. Sauran ki rubuta wa masu gasa cikin ladabi cewa daga yanzu fita ɗaya za ki yi musu a wata, a sanar da ke mako biyu kafin ranar, kuma ba kya fitar dare. A rubuce nake so, ba a waya ba, don kada gobe a ce ba a yi haka da ke ba.

Yanzu maigida. Mutumin nan ya zaro kuɗinsa ya biya miki fom, a garin da maza da yawa ko zancen ba za su saurara ba. Kada wannan ya ɓace miki. Amma ki duba abin da ya yarda da shi a ranar: dare ɗaya na gasa, matarsa ta yi ado ta amsa tambayoyi ta dawo gida. Bai san shekara guda ya amince da ita ba, ke ma ba ki sani ba. Da ya ce ke ta mutane ce, ni ban ji zagi a ciki ba. Na ji mutumin da yake cewa ya rasa matarsa, kuma girman kai ko kunya sun hana shi faɗa a miƙe. Ga shi kullum in ya je majalisa ana masa kirari da mijin sarauniya. A baki wasa ne, amma kin san maza, irin wasan nan yana shiga, musamman ga wanda zai koma gida ya tarar da abinci a kula, mai gidan ba ta nan. Da kina gida yana ganinki, da dariya zai yi ya rama. Rashinki ne ya sa wa wasan dafi.

Kada ki tare shi a bakin ƙofa, kada kuma ki yi zancen a gaban yara. Ki bari ya ci abinci ya huta, yara sun yi barci, wayarki a kashe a wani ɗaki. Ki fara da godiyar abin da ya yi miki, sannan ki ajiye masa takardar lissafin nan ki ce, "Abban yara, na taɓa kuɗin cefane ban gaya maka ba, ga abin da na ɗiba, ka yafe min." Kada ki haɗa da "amma". In ya yi faɗa ki bar shi ya yi, yana da gaskiya a wannan. Bayan ya sauko ki tambaye shi, cikin duk abin nan me ya fi ɓata masa rai. Daga nan ki kama bakinki ki saurara, ko da ya daɗe bai ce komai ba. Wataƙila abin da zai faɗa ba ya cikin lissafinki. Wataƙila dawowar dare ce, ko wani namiji da ke yawan yi miki sharhi a ƙarƙashin hoto, ko kiran da Hajiya ke masa kullum. Sai an san inda ke ciwo ake sa magani. A ƙarshe ki kawo kalanda ku cike ta tare: ranar asibiti ɗaya a mako, fitar masu gasa ɗaya a wata. Abin da ba ya kan kalandar babu shi, ko wa ya kira.

Zancen hoton iyali kuwa ina bayansa ɗari bisa ɗari. A watan Afrilun 2021 an yi gasar matan aure ta ƙasar Siri Lanka a birnin Kolombo, aka ɗora wa Pushpika De Silva kambu. Nan take, a gaban jama'a, Caroline Jurie, wadda ke riƙe da kambun Mrs. World, gasar matan aure ta duniya, a lokacin, ta hau ta cire shi daga kanta, ta ce ai aurenta ya mutu, ba ta cancanta ba. Matar ta fita tana kuka. Daga baya ta bayyana cewa ba sa zaune tare da mijin amma auren yana nan, aka mayar mata da kambunta, ita kuma Jurie 'yan sanda suka kama ta, ƙarshe ta ajiye nata. Abin da ya tsaya min a rai a labarin nan shi ne yadda sirrin ɗakin wata mata ya zama abin muhawarar duniya cikin dare ɗaya. Haka gasar matan aure take, auren kansa yana cikin kayan da ake bajewa. Ranar da kika sa hoton mijinki da 'ya'yanki, kin ba kowa izinin auna gidanki, ya ga wa ya yi murmushi wa bai yi ba. Mijinki bai sa hannu a takardar kowa ba, yaranki ma haka. Ƙin da ya yi ƙofa ce ya rufe muku, ki gode masa, ki gaya wa masu gasa iyalinki ba sa cikin yarjejeniya.

Hajiya kuma kada ki ɗauke ta a uwar miji mai neman rigima. Ke kina yarinya a watan Nuwamban 2002, lokacin da ake shirye-shiryen gasar Miss World a Abuja cikin azumi, wata jarida ta buga rubutun da ya taɓa mutuncin Annabi (SAW), Kaduna ta kama da wuta, aka rasa rayuka fiye da 200, aka kwashe gasar aka kai Landan. Duk dattijuwar da ta ga wannan a Kaduna, kalmar gasar kyau ba kwalliya take tuna mata ba. Ga kuma 'yan'uwa da ke nuna mata hotonki a waya a gidan biki da gidan suna, kowa da irin fuskar da zai yi. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki dafa abin da take so ki je da kanki, ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce kin ji maganarta. Ki buɗe wayar a gabanta ki goge hotunan da na ado ne zalla, waɗanda ba su da aikin da suke yi. Ki ba ta labarin 'yar gwaggonki da matan da kike zuwa wurinsu. Da wuya a sami dattijuwa a ƙasar Hausa da ba ta san wata da wannan lalura ta sama ba. Wata rana ki roƙe ta ta raka ki asibitin. In ta zauna da 'yan matan nan na awa ɗaya, ina kyautata zaton zannuwanta za ta fara ba ki ki kai musu.

Mu zo ga matan asibiti, inda nake son ƙarfinki ya koma. Kin san yadda ciwon yake. Yawanci doguwar naƙuda ke kawo shi. Kan jariri ya tokare kwana ɗaya, biyu, har uku, ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa har jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Sau da yawa jaririn ma ba ya zuwa da rai. A wasu kuma yankan gishiri ne sila. Mace ta rasa ɗa, ta rasa lafiya, sannan a ware mata kwano da tabarma, wata a sake ta. Irin wannan matar ta ga masu zuwa da kwalin sabulu da mai ɗaukar hoto, su yi minti ashirin su tafi. Abin da ba ta cika gani ba shi ne mai dawowa. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo Babbar Ruga a Katsina a 1983 don aikin kuturta, ya tarar da matan nan, ya koma yi musu tiyata, ya shafe shekaru gommai yana zagaya ɗakunan jinya na Katsina da Kano da sauran garuruwan Arewa. Sunansa ya zauna a bakin mata ne saboda ranar da aka ce zai zo, yana zuwa.

Ke ba likita ba ce, amma dawowa kina iya ta. Ki tsayar da rana ɗaya, a ce Laraba da safe bayan yara sun tafi makaranta, ki dawo kafin a tashe su. Ki bar kambun a gida, ki sa atamfar da ba kya tsoron ta ɓaci. Ki fara da babbar nas ta ɗakin, ki tambaye ta me ya fi ƙaranci, kada ki yanke da kanki. Abin da za ki ji ba zai wuce sabulu da garin wanki da bokiti da zannuwa da man shafawa ba, domin fitsari na cinye musu fatar cinya, sai kuma kuɗin motar komawa gida. Akwai cibiyoyin gwamnati, irin ta Babbar Ruga da ta Ningi a Bauchi, da ake yin aikin kyauta, amma mace tana ƙauye shekara da shekaru don ba ta da kuɗin mota ko ba ta taɓa jin ana warkewa ba. Ki zauna kusa da su a kan tabarma ɗaya, ki ci abin da suka miƙo miki. Da yawansu suna ƙin shan ruwa don yoyon ya ragu, alhali hakan ke sa fitsarin ya yi kauri, warin ya ƙaru, har tsakuwa ta taru a mafitsara. Nas ta faɗa sau goma, amma in 'yar'uwa mace ta zauna ta sha ruwan tare da su ya fi shiga. Bayan tiyata akwai robar fitsari ta kamar mako biyu, akwai watannin da likita ke hana kwanciyar aure, akwai sharaɗin cewa haihuwa ta gaba a asibiti za a yi ta, galibi ta hanyar aiki. A nan ne gyara ke lalacewa, domin mijin da ke gida bai ji bayanin ba. In wata rana maigidanki ya nuna sha'awa, ga inda bakin namiji ke da amfani. Kada ki tura shi, ki bar shi ya ji labari a bakinki har ya tambaya da kansa.

Hoton fuskar mara lafiya kuwa kada ya sake fita daga wayarki, ko ta ce ta yarda. Wadda aka kawo wa sabulu ba ta iya cewa a'a. Gobe za ta warke ta koma garinsu, tana son sabon aure ko komawa ɗakinta, hotonta kuma yana yawo da sunan ciwon a ƙarƙashinsa. Allah ya hore mu a Suratul Baƙara kada mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. In masu gasa na son shaida, ki ɗauki kayan da kika kai, ko ke da nas in ta yarda. Inda kambun zai yi miki aiki na gaske shi ne gidan rediyo. Ranar 23 ga Mayu ce ranar yaƙi da yoyon fitsari ta duniya, kuma ko ba a ranar ba, mai kambu ta fi saurin samun fili. Ki nemi shirin mata a Rediyon Tarayya na Kaduna ko wata tashar da ake ji a ƙauye, ki tafi da nas ko likita, ku faɗa da Hausa cewa ciwon nan ba maita ba ne, ba baki ba ne, yana warkewa, ga inda za a je. Rabin awa a rediyo zai kai inda ƙafarki ba za ta kai ba a wata biyar, kuma ba ya buƙatar sabon ɗinki.

Za a zo miki da shawarar buɗe gidauniya da sunanki. Ki dakata tukuna. Rajista kuɗi ce, ga amintattu, ga rahoton shekara-shekara, ga neman tallafi, duk nauyi ne a kan wadda ke neman sauƙi. Akwai ƙungiyoyin da suka daɗe a aikin mata, irin su FOMWAN, gamayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, da aka kafa a 1985, da Jam'iyyar Matan Arewa da ke nan Kaduna tun shekarun 1960. Ki shiga inuwar da ta riga ta kafu, aikin zai ci gaba ko ranar da yaronki ke zazzaɓi. Kuma ki tuna muna da namu tarihin. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta kafa 'Yan Taru, takan ɗora wa jaji malfa ta naɗa mata jan rawani, ita ke jagorantar mata daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Malfar shaidar aiki ce, an ba da ita ga wadda aka ga za ta iya. Kuma masu doguwar tafiyar yawanci dattawan mata ne da 'yan mata ƙanana, masu goyo da raino suna gida karatu na iske su. Sun san kowane zango na rayuwar mace da nauyin da yake iya ɗauka. Ke kina zangon raino. Shekara goma nan gaba za ki iya abin da ya ninka na yau, in kin bar ƙofar gidanki a buɗe gare shi. Grace Oyelude, haifaffiyar Kano, wadda ta fara cin Miss Nigeria a 1957, karatun jinya ta tafi Ingila, ta dawo ta yi shekaru tana aiki a asibitocin Arewa. Kambunta shekara ɗaya ya yi, aikin jinyarta ya kai ta har ritaya.

'Yarki tana binki bashi, kuma ba da kyautar takalmi ake biyansa ba. Ki kira ta ku biyu ki ce mata kin yi kuskure, ranarta ta fi taron da kika je, ta yi haƙuri. Yara na riƙe irin wannan, suna kuma riƙe ranar da uwa ta ba su haƙuri. Ki sa ta karanta miki daga inda ta kai, ki zauna ki saurara ba waya a hannu. Ki yi ɗan waina ko fanke a raba wa maƙwabta da sunanta. A kalandar da za ku cike da babanta, ranakun yara su za a fara rubutawa.

Kin sa saƙa da lambu a ƙarshen wasiƙa kamar su ne ƙananan asara. Ni ban ga haka ba. Su kaɗai ne a rayuwarki da ba wanda ke ba ki maki a kansu. Alƙalan gasa sun auna ki, masu kallo a waya suna auna ki, dangin miji suna auna ki, amma tattasai ruwa kawai yake nema. Lokacin da Salmanul Farisi ya ziyarci Abud Darda'i ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina kula da kanta, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa nasa. Da aka kai zancen ga Annabi (SAW) sai ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ki lura ibada ce ta shagaltar da Abud Darda'i, ba wasa ba, amma aka ce ya rage. Saƙa kina iya tafiya da ita asibiti. Matan nan suna zaman jira na makonni, hannu ba aiki, zuciya na ta saƙe-saƙe. Kwarashi biyar da ƙullin zare kaɗan sun isa a fara hular jarirai da safa, wadda ta iya ta koma gida da sana'a. Lambun kuwa ki bar shi naki. Kada ki ɗauke shi hoto, kada ki mai da shi wani shiri na koya wa mata noma. Minti ashirin bayan la'asar, ke da bokiti da autanki yana wasa da ƙasa.

Akwai halin da zan ce ki ajiye kambun ba tare da waiwaye ba: in bayan kun yi zaman nan na gaskiya maigida ya ce a fili ya janye yardarsa, ko masu gasa suka ƙi ragin suka koma yi miki barazana, ko kika ga sai kin ci bashi za ki ƙarasa. In haka ta faru ki rubuta takarda ki mayar musu da kayansu cikin mutunci, kada ki yi tonon silili a intanet. Haka in aka ce za a tura ki wata gasa a ƙasar waje, ki ce kin gode, domin kuɗin da ke ciki ya ninka wanda ya kai ki ga cefane. In kuwa fushin maigida ya wuce kan kambu ya kai ga hana ki Larabar asibiti, kada ki yi fito-na-fito da shi. Ki ba shi lokaci ya ga sauyi a gida, sannan ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa ya roƙa miki wannan rana ɗaya.

Zogalen kada ki tuge shi. Ki sare busassun rassan daidai ƙugu ki riƙa ba shi ruwa, yawanci yana sake tohowa daga kututture. Yakuwa da tattasai sai sabon iri. Ki rubuto min bayan kun zauna da maigida, ina son jin abin da ya ce ya fi damunsa.